Yaya na so a sayar da gonar Baba don allurar sitem sel a Indiya

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makarantar firamare ce, shekaruna 31, kuma ni ce ta uku a gidanmu. Mahaifinmu mai shekara 64 ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama wata 14 da suka wuce. Yanzu yana dogara sanda ya taka a tsakar gida, amma hannun bai dawo ba, maganarsa kuma sai an kasa kunne sosai. A watan jiya babban yayanmu ya haɗu da wani dillali a WhatsApp mai kai marasa lafiya Indiya, ya turo masa bidiyon mutanen da aka ce sun tashi daga keken guragu bayan an yi musu allurar sitem sel a laka. Sun nemi dala 15,000 ban da kuɗin jirgi da masauki, kuma sun ce idan ba a biya rabi cikin mako biyu ba za su ba wani gurbin. Yaya ya ce a sayar da gonar Baba, wadda da ita ake ciyar da Umma da ƙannenmu. Na tambayi likitan Baba, sai ya ce mu manta da maganar domin yaudara ce, bai ƙara komai ba saboda layi ya yi yawa. Da na kai wannan gida, Yaya ya ce na fifita gona a kan lafiyar mahaifinmu, ya karanto mini hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Baba kuwa tun da ya kalli bidiyon ya daina zuwa gashi, ya ce tafiya yake jira. Ina tsoron in yi shiru a cuce shi, ina kuma tsoron in hana shi abin da zai iya zama sanadin warakarsa. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri a kan tsayawar da kika yi. Tsoro biyun da kika ambata duka daga ƙauna suka fito, kuma ina so ki riƙe a ranki cewa na Yaya ma daga can ya fito, domin duk abin da za mu tattauna a nan ba zai yi amfani ba idan kika shiga gidan da niyyar kayar da shi a muhawara.

Hukuncin da likitan Baba ya yanke daidai ne: har zuwa yau babu wata allurar sitem sel da aka tabbatar tana dawo da hannu ko ƙafa ko magana bayan shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya rage shi ne dalilin, wanda cunkoson asibiti ya hana shi zayyana miki, kuma shi ne kike buƙata a hannunki kafin ki sake buɗe baki a gida. Sitem sel ƙwayoyin halitta ne na tushe, waɗanda ke iya hayayyafa su rikiɗe su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki. Ilimin gaskiya ne, kuma akwai inda ya zama magani tabbatacce. Dashen ɓargo da ake yi wa masu sankarar jini da masu sikila aikin waɗannan ƙwayoyin ne, an shafe gomman shekaru ana yin sa, har a Najeriya an yi shi ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A cututtukan jijiya ma akwai wadda ake kira MS, inda garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyi, kuma wasu manyan cibiyoyi na yi wa zaɓaɓɓun marasa lafiya dashen ɓargo domin sabunta garkuwar. Amma wannan ba shi da alaƙa da larurar Baba. A ɓarin jiki, jini ne ya yanke ko jijiyarsa ta fashe a wani sashe na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin wurin suka mutu tare da dubban hanyoyin da ke haɗa su da juna, kuma babu wanda ya nuna cewa ƙwayoyin da aka ɗebo daga ɓargo ko kitse ko cibiyar jariri aka tsira a laka za su haura can su sake shimfiɗa waɗannan hanyoyin.

Ba wai ba a gwada ba. An gwada da gaske, da kuɗi masu yawa, a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki. A Amurka an yi gwaji a kan mutum fiye da 160 waɗanda ɓarin jikinsu ya daɗe, irin na Baba, inda aka yi musu aiki aka saka ƙwayoyin kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, aka kwatanta su da waɗanda ba a saka wa ba, kuma a farkon 2019 kamfanin da ya ɗauki nauyin gwajin ya sanar cewa ba a cimma abin da aka nema ba. A Japan an yi wani mai suna TREASURE a kan mutum fiye da 200 da aka ba ƙwayoyin ta jijiyar jini cikin kwana ɗaya da rabi na farkon ciwon, shi ma bayan wata uku ba a ga bambancin a zo a gani tsakanin waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. Bincike bai tsaya ba, kuma a cutar karkarwa ta Parkinson an wallafa sakamakon ƙananan gwaje-gwaje masu ƙarfafa gwiwa a 2025, daga Kyoto da kuma Amurka. Sai dai masu wannan aikin su da bakinsu suka ce gwaji suka yi a kan mutane ƙalilan, kuma ba su karɓi dalar kowa da alkawarin waraka ba. Ita kanta Indiya, ƙa'idojin da Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar, ICMR, ta fitar a 2017 sun ce ban da dashen ɓargo a cututtukan da aka amince da su, duk wani amfani da sitem sel a jikin mara lafiya gwaji ne, kuma bai halatta a yi shi ba sai a ƙarƙashin binciken da hukuma ta sahale. Wannan batu ya kamata Yaya ya ji shi, domin mutanenmu da yawa sun samu lafiya ta gaske a asibitocin Indiya, a aikin zuciya da dashen ƙoda da sauransu, kuma da wannan kyakkyawan sunan dillalan ke fakewa.

Akwai wata magana da za ki ji a gida, cewa ko bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Wannan ita ce na fi so ki iya amsawa. A 2016 likitoci a Boston suka wallafa labarin wani mutum mai shekara 66 da ya samu ɓarin jiki, ya je Sin da Ajantina da Meziko aka yi masa irin wannan allurar a laka, inda ya kashe abin da ya kusa dala 300,000. Daga baya ya fara ciwon baya, ƙafafunsa suka mutu, fitsari ya daina riƙuwa, da aka duba sai aka tarar da ƙari ya tsiro a lakarsa, kuma gwaji ya nuna akasarin ƙwayoyin ƙarin ba na jikinsa ba ne. Kafin shi, a 2009, an wallafa labarin wani yaro ɗan Isra'ila da aka yi wa allurar a Mosko, ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa da laka. A Jamus an rufe cibiyar XCell da ke Dusaldof a 2011 bayan rasuwar wani yaro ɗan wata 18 da aka yi wa allurar a ƙwaƙwalwa. Ko an tsira daga waɗannan, huda baya a zuba wani abu cikin ruwan laka na iya jawo sanƙarau ko zubar jini, kuma idan Baba yana shan maganin tsinka jini za a nemi ya dakatar da shi kafin allurar, wanda hakan ke buɗe ƙofa ga ciwon ya sake dawowa. Ki ƙara da doguwar tafiyar jirgi ga dattijon da ƙafarsa ɗaya ba ta motsi sosai, wadda ke ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Idan kuma matsala ta taso bayan an dawo gida, dillalin ba zai kasance a bakin gado ba, likitan da ke nan ne zai yi fama, sau da yawa ba tare da ya san ainihin abin da aka zuba ba.

Game da bidiyon, kada ki ce wa Baba ƙarya ne, domin mai yiwuwa mutanen da ke ciki sun ji sauƙi da gaske. Abin da ba a nuna ba shi ne sanadin sauƙin. Mafi yawan farfaɗowar mai ɓarin jiki tana zuwa ne da kanta cikin wata uku zuwa shida na farko, don haka wanda aka yi wa allura a wannan tsakanin zai ɗauka ita ce ta tashe shi. Cibiyoyin nan kuma galibi suna haɗa allurar da gashi mai tsanani kullum na tsawon makonni, ga kulawa, ga ƙarfin zuciyar wanda ya kashe dukiyarsa yana sa rai, kuma waɗannan kaɗai sun isa su sa mutum ya yi taku biyu a gaban kyamara. Ba a nuna shi bayan wata shida, ba a kuma ɗaukar waɗanda suka koma gida yadda suka zo. Wa'adin mako biyun da aka ba ku kuwa, shi kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya ja da baya, domin ciwon da ya yi wata 14 babu abin da mako biyu zai canza a cikinsa, an sa wa'adin ne don kada ku samu sararin tambaya.

Yanzu ga Yaya. Ki dubi matsayinsa da idon rahama. Shi ne babba, shi dangi ke kallo, kuma ya fi shekara yana ganin mutumin da ya raine shi ya kasa ɗaga buta. Namiji a irin wannan hali yana neman wani babban abu da zai yi, ko da zai ƙare da duk abin da aka mallaka, domin ya samu natsuwar cewa bai gaza ba. Idan kika ce masa an yaudare shi, musamman a gaban Umma ko ƙanne, kin tilasta masa ya kare dillalin don ya kare mutuncinsa. Ki same shi shi kaɗai, ki fara da gode masa a kan ɗawainiyar da yake yi, ki ce masa idan maganin gaskiya ne ke ma kin yarda a sayar da abin da ya fi gona, abin da kike roƙo kawai shi ne ku tabbatar tare kafin kobo ya fita. Hadisin da ya karanto ingantacce ne, kuma kada ki yi jayayya da shi. Ki tuna masa cikin ladabi cewa a ruwayar Imamu Ahmad an ƙara da cewa wanda ya san maganin ya sani, wanda ya jahilce shi ya jahilta. Hadisin yana kwaɗaitar da neman magani, bai ce duk wanda ya ɗaga kwalba ya ce ga shi an samu a gaskata shi ba.

Sai ku rubuta wa dillalin tambayoyi, da sunan Yaya, ku nemi amsa a rubuce daga asibitin kansa. Ku tambayi sunan likitan da zai yi aikin da lambar rajistarsa, wane irin ƙwayoyi ne kuma daga jikin wa aka ɗebo su, a ina aka wallafa sakamakon wannan aikin a kan masu ɓarin jiki tare da kwatanta su da waɗanda ba a yi wa ba, wace hukuma ce ta sahale shi a matsayin magani, mutum nawa suka samu matsala, kuma wa zai ɗauki nauyin jinya idan matsalar ta afku. Idan suka ce bincike ne, ku nemi takardar amincewar kwamitin ɗa'a, ku kuma tambayi dalilin da ya sa mara lafiya ne ke biya, tunda a bisa al'ada mai bincike ne ke ɗaukar nauyin abin da yake gwadawa. Idan suka turo muku lambar rajista a shafin ClinicalTrials.gov, ku sani cewa shafin na lissafa abin da aka shigar ne kawai, shiga cikinsa ba shaidar amincewar kowace hukuma ba ce. Duk amsar da ta zo, ko rashin amsar, ku ɗauka ku je wurin likitan Baba tare, ke da Yaya, bayan kun nemi a ware muku lokaci ba a tsakiyar layi ba. Idan hakan bai samu ba, ku nemi ra'ayin wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa da ku, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yaya zai fi karɓar maganar idan ya ji ta da kunnensa daga ƙwararre, bayan ya yi tambayoyinsa an amsa masa ba tare da raini ba.

Baba shi ne mai jikin kuma shi ne mai gonar, kuma na lura a wasiƙarki ana ta yanke shawara a kansa ba tare da an zauna da shi ba. Nauyin harshe ba gushewar hankali ba ne. Gonar tasa ce muddin yana raye, babu ɗan da ke da ikon sayar da ita sai da yardarsa, yardar kuma ba ta cika sai ya ji dukan labarin, har da na mutumin Boston da abin da Umma za ta ci idan gonar ta tafi. Ki zaɓi lokacin da ya fi natsuwa, galibi da hantsi, ki kashe rediyo, ki zauna ta gefensa na hagu, ki yi magana da gajerun jimloli, ki riƙa yi masa tambayar da zai amsa da e ko a'a, kuma kada ki ƙarasa masa magana idan ya tsaya yana lalubo kalma. Ki tambaye shi abin da ya fi so ya dawo masa. Za ki iya tarar da cewa burinsa ya yi alwala da kansa ne, ko ya taka zuwa masallacin unguwa, ko ya daina jiran a kai shi bayi. Waɗannan abubuwa ne da ake iya aiki a kansu a nan gida. Umma ma a ji ta bakinta, domin ita ke ɗaga shi da kwantar da shi, kuma sau da yawa mace a matsayinta tana yin shiru don kada a ce ta hana a nema wa mijinta magani. Idan akwai baffa ko kawu ko limamin da Baba da Yaya duka ke jin nauyinsa, ki fara fahimtar da shi ke kaɗai, sannan ki roƙe shi ya halarci zaman.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne Baba ya daina zuwa gashi. Wannan ɓarna ce da ta riga ta fara, tun kafin a biya kowa. Gaɓar da aka daina motsawa tana sanƙarewa, kafaɗa ta fara ciwo, yatsu su dunƙule, kuma takun da ya sha wuya kafin ya samu yana iya komawa baya cikin makonni. Kada ki jira a gama rigimar Indiya. Ki ce masa ko tafiyar za a yi, jikin da aka ci gaba da motsawa ne zai iya ɗaukarta, wannan kuwa gaskiya ce. Ba zan yi miki alkawarin hannun zai dawo yadda yake ba, domin hannun da ya yi fiye da shekara bai motsa ba da wuya ya koma daidai, amma ƙwaƙwalwa tana ci gaba da koyon sababbin hanyoyi idan aka yawaita maimaita aiki ɗaya. Ki nemi mai gashin ya sake auna shi, ya rubuta muku atisayen gida na kullum. Idan yatsun na ɗan motsi, a zuba masa wake a faranti ya riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya yana sakawa a kofi, ya ja carbi da hannun, ya gwada saka maɓallin riga. Idan ƙafar na jan ƙasa akwai takalmin roba mai tallafe idon sawu da ake ƙerawa a wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala, idan kuma sanƙarewar ta yi yawa akwai magungunan sassauta ta da likita zai iya rubutawa. Ta fannin magana, masu irin larurarsa sukan iya furta abin da suka haddace fiye da zancen yau da kullum, don haka ki zauna ku karanta Fatiha da gajerun surori tare da murya a sama, daga nan ku wuce zuwa sunayen jikoki da na kayan ɗaki.

Akwai kuma abin da ya fi dawo da hannun muhimmanci, wato hana ciwon dawowa karo na biyu. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba da nisa cikin abubuwan da ke jawo ɓarin jiki a yankinmu. Ku sayi na'urar awon jini ta gida, ku riƙa rubuta sakamakon a littafi kuna kai wa likita, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miyarsa, a duba suga da kitsen jini, kuma kada maganinsa ya yanke ko na kwana ɗaya. Ki lura da yanayin zuciyarsa, domin kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu wannan ciwon suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Idan ya daina cin abinci, ko yana yawan kuka, ko ya ƙi ganin mutane, musamman bayan ya ji cewa tafiyar ba za ta yiwu ba, ki gaya wa likita. Kaɗan daga cikin kuɗin da ake shirin kaiwa Indiya zai biya mai gashi ya riƙa zuwa gida, ya sayi magani na dogon lokaci, ya gyara bayi da ƙarfen riƙewa, ya kuma ɗauki wanda zai riƙa hutar da Umma. Ki ba Yaya jagorancin wannan tsarin, ya zama shi ke riƙe da lissafin kuma shi ke kai Baba asibiti, domin ya samu babban aikin da zuciyarsa ke nema. Ki kuma sa ido, domin da zarar labari ya bazu za a kawo muku wani gari a ƙananan ledoji da ake tallata shi da sunan sitem sel na tsirrai. Ƙwayar halittar tuffa ko inabi ba ta zama ƙwayar ƙwaƙwalwar mutum, kuma lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan kayan ba ta nufin an tabbatar suna warkar da wata cuta.

Yana yiwuwa bayan duk wannan Baba ya ji komai, ya fahimta, ya ce shi dai zai je. Idan hankalinsa cikakke ne, wannan haƙƙinsa ne, kuma bai kamata ki juya masa baya ko ki yanke zumunci da Yaya a kai ba. A nan sai ki koma rage ɓarna. Ki roƙi kada a sayar da gonar gaba ɗaya, a ware wa Umma da ƙanne abin da za su dogara da shi a rubuce a gaban shaidu. Kada a tura kuɗi asusun dillali, a biya asibitin kai tsaye bayan an isa an gani. A sanar da likitansa kafin tafiya, kada a dakatar da kowane magani sai da saninsa, a dawo da cikakken bayanin abin da aka zuba da adadinsa da hanyar da aka bi, kuma idan bayan dawowa ya fara zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko ciwon baya, ko sabon rauni a ƙafa, ko matsalar fitsari, a garzaya da shi asibiti a ranar, a faɗi abin da aka yi masa ba tare da ɓoyewa ba.

Ke kuma ki samu wadda za ki riƙa faɗa wa damuwarki, ki yi istihara, ki daure ki riƙa barci, domin jinyar nan mai tsawo ce kuma gidan na buƙatarki da lafiyarki. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likitan tare da Yaya, ki haɗo da amsar da asibitin ya bayar idan sun bayar, mu duba ta tare. Allah ya ba Baba sauƙi mai ɗorewa, ya haɗa kanku.